Darasin Turanci: Kalmar "Imply"

'Yan'uwa na Birnin Kudu da Gwaram, kalmarmu a wannan karo ita ce "imply". Ma'anarta a nuna abu ba tare da an fito fili an faɗe shi ba, kamar habaici, sai dai ba lallai da suka ba.

Yawanci "that" ke bin ta: "He implied that the maize was bad," wato ya nuna a kaikaice cewa masarar ba ta da kyau.

Mu lura da takardun neman tallafi. In mun ga "Registration does not imply approval," ana nufin rubuta suna ba alkawarin samu ba ne. Kada mu ci bashin taki muna dogara da shi.

Yaranmu masu rubuta WAEC su riƙe wannan: mai magana ke "imply", mai sauraro ke "infer", wato ya gano manufar.