ANNOBAR KAJI DA ABIN DA YA WAJABA A KAN MAI KIWO

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi kaji da zabi da agwagin da ake kiwo a cikin gidaje, tun daga Unguwar Gabas har sauran unguwannin Samaru da Sabon Gari. Da yawa daga cikin tsuntsayen nan na mata ne, da su ake fita kunyar baƙo, a sayi littafin yaro. Shi ya sa in ciwo ya shigo akurki, abin da kan fara zuwa a zuciya shi ne a gaggauta kai sauran kasuwa kafin su mutu. To, nan ne shari'a ta ja kunne.

Ƙasar Zazzau ta san wannan masifa. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye irin ta H5N1 a gonar Sambawa da ke Jaji, kan hanyar Zariya zuwa Kaduna, kuma shi ne karo na farko da aka tabbatar da ita a cikin kaji a nahiyar Afirka. Dubban kaji suka mutu, cutar ta bazu zuwa jihohi da dama, gwamnati ta riƙa biyan diyyar Naira 250 a kan kowace kazar da aka hallaka. A farkon 2007 wata mata ta rasu a Legas saboda ita, sannan a 2015 ta sake ɓulla a Kano da Legas. Ban da ita akwai cutar Niyukasil, wadda ke share akurki musamman a lokacin hunturu.

Alamun cututtukan biyu sun yi kama: mutuwa farat ɗaya da yawa, kumburin kai, zawo kore, numfashi da ƙyar, daina ƙwai. Zanko kan yi duhu, wata kazar kuma wuyanta ya murɗe. Gwaji kaɗai ke rarrabe su, kuma kafson da ake jiƙa wa kaji ba ya kashe ƙwayar ko ɗaya daga cikinsu.

Hukunci na farko shi ne keɓewa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya haɗa su da na mai lafiyayyu. Haka kuma Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can, Abdurrahman ɗan Aufu ya ƙarfafa shi da hadisin da ya hana shiga ƙasar annoba da fita daga cikinta don gudu. Ashe riƙo da sababi ba ya rushe tawakkali. Saboda haka sai a kulle kajin gidan duka, kada su yi yawo a unguwa, a ware marasa lafiya, kada a bayar da aron zakara ko kyautar kaza. Sabuwar kaza daga kasuwa a ajiye ta daban har mako 2. A lura da agwagi, domin sukan ɗauki cutar ba tare da ta nuna a jikinsu ba.

Na biyu, haramun ne sayar da kaza mai ciwo a ɓoye aibinta. Muslim ya ruwaito yadda Annabi ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya iske jiƙaƙƙe a ƙasa, ya yi gargaɗi mai tsanani a kan algus. Malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da hajar da aka ɓoye masa aibinta. Amma a nan ɓarnar ta wuce ciniki ɗaya, domin kaza guda tana iya shafa wa keji guda a kasuwa, masu saye kuma su rarraba cutar gida gida.

Na uku, wadda ta mutu da kanta mushe ce, Alƙur'ani ya haramta ta a Suratul Ma'ida. Wadda kuwa ake rige-rigen yankawa tana magagin mutuwa, ko da yankan ya inganta, akwai cutarwa, domin a wajen yanka da figa da fiɗa ne murar ta fi kama mutum, shari'a kuwa ta hana cutar da kai da cutar da wani. Kada a jefa mushen a juji ko kwata inda karnuka za su ja. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, ko a ƙone. A sa leda a hannu wajen ɗauka, a wanke hannu da sabulu, a hana yara taɓawa.

Na huɗu, kai rahoto. Wanda ya ga kajinsa na mutuwa jere da juna ya sanar da maƙwabta da mai unguwa, ya je sashen dabbobi na Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, ko asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ana aika samfur zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda kuma ke yin maganin rigakafin Niyukasil da ake ɗiga wa kaza a ido. Tsoron kada a hallaka masa kaji ke sa wani yin shiru, alhali shirun ba ya ceton nasa, na maƙwabci kawai yake ƙara jawowa cikin asara. Haƙƙin maƙwabci kuwa abin tambaya ne ranar gobe.

Wanda ya yi haƙuri da asarar kaji 10 don ya tsare dukiyar unguwa, yana da ladan haƙuri da na nasiha. Allah Ya kiyaye dukiyar Musulmi da lafiyarsu, Ya mayar wa wanda ya yi asara da mafi alheri, amin.