Darasi: Ɗumkin hula da hannu

Girbi ya ƙare. Gero da dawa sun shiga rumbu, an ɗauke wake da gujiya. Daga nan har saukar ruwan fari wata shida ne ko bakwai. Cikin watannin nan manomi ba shi da aiki mai yawa. Waɗansu samari suna tafiya cin rani. Waɗansu suna wuni gindin icce ana ta hira. Hausawa kuwa sun ce: da zaman banza gara aikin kishiya.

Akwai aikin da ake yi a zaune, a inuwa, ana hira ana yi. Shi ne ɗumkin hula da hannu. Ba ya son jari mai yawa. Namiji yana iyawa, mace tana iyawa. Yana sa nishaɗi, don mutum yana ganin adon da ya tsara yana fitowa kaɗan-kaɗan. Amma yana da ƙa'ida: a auna, a zana, sa'annan a ɗumka. Wanda ya tsallake awo da zane ya yi asarar ƙyalle da zare da kwanakinsa.

Sana'ar kaka da kakanni

Adon allura tsoho ne a ƙasar Hausa. Tun dā maza ke yi wa manyan riguna aiki, kamar aska biyu da aska takwas da tambari. Sau da yawa malamai da almajirai ne ke zana adon bisa riga da alƙalami da tawada, sa'annan maɗumka su bi zanen da allura. Ke nan tun can rubutu da ɗumki tare suke tafiya.

Zaren ado iri-iri ne. Akwai na auduga. Akwai tsamiya, wadda ake samu daga gidan wata tsutsa mai zama bisa iccen tsamiya. Ana dafa gidan da ruwan toka, ya bushe, mata su kaɗa shi ya zama zare. Akwai kuma jan alharini, wanda ayarin raƙuma ke kawowa daga Tarabulus, ya ratso Ayar da Damagaram ya kai Kano. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya ja baya, kaya suka koma zuwa ta bakin teku. Yau zaren kanti mai launi-launi yana kowace babbar kasuwa.

Babbar riga tana cin watanni. Hula ƙarama ce, ita ta dace da mai koyo.

Kayan aiki

1. Farin ƙyalle na auduga mai kauri, wanda ba ya talewa in an ja shi.
2. Zaren ado, launi 2 ko 3. Mai koyo kada ya wuce haka.
3. Ƙaramar allura ta ɗumki, da basilla ta huda.
4. Almakashi.
5. Metir na tela, ko zare mai ƙarfi na awo.
6. Kaye mai ƙananan ɗakuna, da alƙalami da tawadar allo.

Kafin a fara, a wanke ƙyallen a shanya. Sabon ƙyalle yana tsukewa in ya sha ruwa. Gara ya tsuke tun ba a yanka shi ba.

Zare ma a gwada shi. A yanki guntu daga kowane launi, a jiƙa, a naɗe cikin farin tsumma a matse. In tsumman ya ɗauki launi, zaren yana zuba. Kada a yi aiki da shi, don wanki ɗaya zai ɓata hular.

Awo

Hula gida biyu ce. Akwai gefe, wato dogon ƙyallen da ke zagaye kai. Akwai sama, wato kewayayyen ƙyallen da ke rufe tsakar kai.

A zagaya kai da metir, daga goshi, a bi saman kunnuwa, a dawo. A rubuta abin da aka samu. Misali santimetir 56. A ƙara santimetir 2 na haɗi, da santimetir 1 don ɗumki yana tattara ƙyalle. Tsawon gefe ya zama santimetir 59. Tsayinsa santimetir 10 zuwa 12, yadda mai hula yake so. A ninka ƙyallen biyu don hula ta tsaya.

Ga yadda ake fid da sama. A yanki zare daidai awon kai, a haɗa bakinsa biyu, a shimfiɗa shi bisa takarda ya kewaye kamar faifai. A bi shi da alƙalami. In kai santimetir 56 ne, faɗin saman zai kama santimetir 18. Wajen yanka a bar santimetir 1 ko'ina a baki, don haɗi.

A kasuwannin Najeriya da inci ake auna hula. Hula mai lamba 22 ita ce ta kai mai santimetir 56. Mai son kai hularsa Jibiya ko Daura ya riƙe wannan.

Zane

Nan ne ɗan makarantar yaƙi da jahilci zai ga amfanin karatunsa. Hannun da ya saba jan layi a kaye ba ya jin wuyar zanen hula.

Ba a fara zane bisa ƙyalle. A kaye ake farawa, ana ƙirga ɗakuna: uku dama, uku hagu, don gefe da gefe su daidaita. In an yi kuskure, takarda kaɗai aka ɓata.

Ado ba ya wuyar samu. Akwai dagi. Akwai adon bangon gidajen Birni a Damagaram. Akwai zanen ƙwarya, da na tabarma, da na matashin fata. Wanda ya je Yamai ya leƙa gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, ya ga tufafin gargajiya na al'ummomin Nijar da adonsu. Mutum yana iya ɗaukar kaɗan nan, kaɗan can, ya tsara nasa. Daɗin aikin ke nan.

In ado ya zauna a kaye, sai a raba gefen hula gida-gida daidai. Misali: santimetir 56 a raba gida 8, kowane gida santimetir 7. A sa alama, a zana adon cikin kowane gida. In ba a raba ba, za a iso ƙarshe a tarar ado ya yanke a tsakiya, mahaɗin hula ya fito kowa ya gani.

A zana da tawadar allo, don tana fita da ruwa. Kada a zana da bik, wuyar fita gare shi.

Ɗumki

Zaren da za a zura a allura kada ya wuce kamu ɗaya. Dogon zare yana harɗewa, yana kuma yin gashi.

Ɗumki uku sun isa mai koyo.

Na fari, mai kama da sarƙa, na bin layin zane. A fito da allura daga ƙarƙashi, a maida ita ramin da ta fito, a bar zare ya yi ɗan zobe. A fito da bakinta gaba kaɗan, cikin zoben, a ja a hankali. Zobe ya riƙe zobe har ƙarshen layi.

Na biyu, na cikewa. Ana jera zare kusa da zare, daga wannan baki na ado zuwa wancan, har farin ƙyalle ya ɓace.

Na uku, na huda. A huda ƙyalle da basilla, a bi bakin ramin da ɗumki a zagaye shi. Ƙananan ramukan nan ado ne, kuma suna shigar da iska lokacin zafi.

A fara bin layi duka, sa'annan a cike. Kada a ja zare da ƙarfi, ƙyalle zai tattare, hula ta matse kai. Kada kuma a sake shi, ado zai yi lako-lako. Kafin a taɓa hula, a koyi hannu bisa tsumma kwana 2 ko 3.

In an gama gefe da sama, a haɗa bakin gefe daga ciki, sa'annan a ɗora sama. A kai wa mai wankin hula ya wanke, ya ɗora ta bisa kan icce ta bushe ta tsaya.

A kula da ido da yara

A yi ɗumki da rana, a inuwa mai haske. Ɗumki da hasken fitila yana gajiyar da ido. Lokaci-lokaci a ɗaga kai a dubi nesa, a miƙe a motsa baya. A wanke hannu kafin a ɗauki aiki, don maiƙo da dauɗa suna kama farin ƙyalle.

Kada a raina allura, ƙarfe ce. In an tashi, a soke ta jikin tsumma, a sa cikin gwangwani a rufe. Ba a barin ta bisa tabarma inda yaro ke rarrafe. Ba a riƙe ta a baki.

Lissafi

Hular fari ta mai ita ce: ya sa abinsa, ko ya yi kyauta da ita. In hannu ya faɗa, ana iya saidawa, tun ba gab da salla ba, lokacin da kowa ke neman sabuwar hula. Amma maɗumki da yawa suna saida hula ba su san abin da suka kashe ba. Dillali ya faɗi kuɗi, su karɓa, su ɗauka riba ce. Maganin wannan shi ne rubutu. Duk abin da aka saya a rubuta a kaye, a kuma ja layi ɗaya kowace ranar aiki.

Ga misali. Kowa ya sa kuɗin kasuwar garinsu a madadin waɗannan:

Ƙyalle: dala 100
Zare ƙulli 6, kowane dala 30: dala 180
Allura: dala 5
Wanki: dala 40
Jimla: dala 325

An saida hular jika 4, wato dala 800. A fid da 325, saura dala 475. In aikin ya ci kwana 19, ladan kowace rana dala 25 ke nan. Wanda ya san wannan lissafi ya san kuɗin da zai sallama da wanda zai ce albarka. Kuma in mutum 5 ko 6 na cibiya ɗaya suka haɗa kuɗi suka sayi zare a sari, ya fi musu araha.

Tambayoyi

1. Don me ake wanke ƙyalle kafin a yanka shi?
2. Yaya ake gane zare mai zuba?
3. Kai mai santimetir 54, gefen hularsa santimetir nawa za a yanka?
4. In an raba santimetir 54 gida 6, kowane gida santimetir nawa ne?
5. In dillali ya taya hular misalin nan jika 2, dala nawa suka rage wa maɗumki? Ya sallama ko ya ce albarka?

Aikin mako: kowane ɗalibi ya auna kan maƙwabcinsa ya rubuta, ya kuma zana ado ɗaya a kayensa ya kawo wa malami.