Kama da Wane Ba Ta Wane

Ya ku 'ya'yana da jikokina na ƙasar Zugu, da na Anka da Gummi da Bukkuyum. Ina jin hirarku a majalisa da wurin mai shayi, wani ya ɗaga waya ya karanto muku asalin wata kalma, kowa ya ce "ashe!", a wuce wurin. Son sanin tushen magana abu ne mai kyau, Allah ya ƙara muku shi. Sai dai ina so ku riƙa rairayewa kafin ku haɗiye.

Ku ɗauki sunan jiharmu. Tun muna yara ake gaya mana cewa wata 'yar sarkin Gobir mai suna Fara ta ɓace a daji, maharba suka tsince ta suka riƙe ta da mutunci, sai aka riƙa ce musu "mazan Fara", har ya koma Zamfara. Haka ake cewa Hausa daga "hau sa" take, Bayajidda kuma "ba ya ji da". Waɗannan hikayoyi gadonmu ne, ku haddace su, ku ba ƙannenku. Amma ku faɗe su da "an ce". Abin da tarihi ya tabbatar daban yake: Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18 zamanin Sarki Babari, daga baya sarautar Zamfara ta zauna a Anka, jiha kuma aka ƙirƙira ta a 1996.

Ga misalin da ya kamata ya sa ku yi hattara. Shekara da shekaru, har masu ilimi suna cewa "boko" ta fito ne daga kalmar Turanci ta littafi, don kawai sun yi kama a kunne. A 2013 Farfesa Paul Newman, wanda ya daɗe yana nazarin harshenmu, ya yi rubutu ya nuna cewa kalmar Hausa ce tsantsa, mai nufin abin da ba na gaske ba. Ku tambayi kakanninku mata, sun san amaryar boko, wadda ake fitarwa a madadin amarya ta ainihi lokacin biki. Da Turawa suka zo da karatunsu, iyayenmu suka raina shi, suka laƙaba masa wannan suna. Amsar tana cikin gida, mutane suka tafi nemanta Ingila.

Akwai kuma kalmomin da asalinsu a fili yake. In ɗayanku ya ce "ba ni da ko sisi", kuɗin zamanin Turawa yake ambata: sisi kwabo 6 ne, taro kwabo 3, sule kwabo 12, sule 20 kuma fam guda. Anini shi ne ƙaraminsu, sai an tara 10 su yi kwabo. Naira ta zo a 1973, fam ɗaya ya zama naira 2, shi ya sa har yau dattijo a kasuwar Gummi zai ce jaka guda yana nufin naira 200, wato fam 100 na da. Sunayen ranakun mako daga Larabci muka samo su, daga gare su kuma Ɗanladi da Talatu da Jummai da Asabe suka fito. Akwati da ashana da keke daga Yarbawa suka shigo. Aro ba abin kunya ba ne, shaida ce cewa kakanninku mutanen fatauci ne da karatu.

To, ga nasihata. In kun ji an kawo asalin kalma, ku tambayi wanda ya faɗa inda ya samo. Ku je wurin tsofaffi tun suna raye, musamman iyaye mata, maharba, maƙera da mawaƙa, ku rubuta abin da suka ce da lafazinmu na Zamfara, kada ku gyara musu baki. Mai hali ya duba ƙamus, akwai na Bargery na 1934, akwai na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da ba ku tabbatar ba, kada ku tura wa kowa a matsayin gaskiya, domin wanda ya saba yaɗa ƙaramar magana ba bincike, wata rana babba zai yaɗa ta raba zumunci.

Matambayi ba ya ɓata. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.