Yadda Ake Shirya Fim Mai Tsinka Zuciya a Garin Bauchi

Akwai fim ɗin da za ka zauna kallo da kwanon tuwo a gabanka, sai ya ƙare ka ga miyar ta daɗe da hucewa. Shi nake kira fim mai tsinka zuciya. Fim ɗin aljanu firgita ka yake yi, na faɗa kuma burge ka, amma wannan zullumi yake dasa maka: me zai faru, kuma yaushe? Abin daɗin shi ne zullumi ba ya cin kuɗi, don haka matashin da ke Bauchi da kyamara ɗaya zai iya gwadawa.

Mataki na farko, zaɓi reshe ɗaya ka tsaya a kansa. Akwai na laifi da bincike, irin October 1 na Kunle Afolayan da ya fito a 2014, inda marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri mai farautar wani makashin mata. Akwai na siyasa, kamar Kwana Casa'in da tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019. Akwai na wasa da hankali, irin Drishyam na Indiya, inda magidancin da bai yi zurfi a boko ba ya tufka wa 'yan sanda labari don kare iyalinsa. Na leƙen asiri kuwa, mai jirage da ƙasashe uku, ka bar wa masu shi. Ni dai na wasa da hankali nake ba sabon shiga shawara, domin ɗaki biyu da mutum biyar sun ishe shi.

Mataki na biyu shi ne ƙashin bayan aikin, kuma nan yawancinmu muke tuntuɓe. Mun saba ɓoye wa mai kallo komai sai a sin na ƙarshe mu ba shi mamaki. Darakta Alfred Hitchcock ya daɗe da nuna cewa mamaki na daƙiƙa kaɗan ne, amma idan mai kallo ya san haɗarin da jarumi bai sani ba, zai yi ta zufa har minti goma sha biyar. Ga misali. Direban Keke Napep ya ɗauki fasinja daga Wunti zuwa Yelwa, fasinjan ya manta jaka. Idan sai a ƙarshe muka ga abin da ke ciki, mamaki ne kawai. Amma nuna mana tun farko cewa takardun da za su kai wani babba gidan yari ne a ciki, kuma wayar da ke jakar ana bin sawunta. Daga nan bar direban ya tsaya wajen mai shayi yana cin Indomi yana musun ƙwallo. Mai kallo da kansa zai riƙa cewa, “Kai, tashi mana!”

Na uku, ɗaura wa labarin agogo. A October 1 dole a kama mai laifin kafin ranar 'yancin kai ta 1960. Naka wa'adin ya fito daga rayuwar garin: kafin a sauko daga Juma'a, kafin mai keken ya zo karɓar balas da magariba, kafin motar farko ta tashi zuwa Jos. Ka faɗi wa'adin a minti goman farko, ka riƙa tuna mana.

Na huɗu, lokeshin. Hitchcock ya yi Rear Window a 1954 da mutum ɗaya mai karyayyar ƙafa yana leƙen maƙwabta ta taga. Duk wanda ya taɓa zama a gidan hayar ɗalibai a Gwallameji ya san wannan tsakar gida: ƙofa na kallon ƙofa, kowa ya san lokacin shigar kowa. Lungunan cikin gari wajen Jahun da Nasarawa sun dace da sin ɗin bin sawu, domin kwana ɗaya za ka sha mutum ya ɓace. Cunkoson kasuwar Muda Lawal wurin ɓuya ne da rana tsaka. Ga kuma tashar jirgin ƙasa, a kan layin da aka kai Maiduguri a 1964, da shirunta mai nauyi. Kada ka kwashi jama'a zuwa Yankari don kawai a ga giwa. Idan labarin bai nema ba, asarar mai ce.

Na biyar, nemi izini. Gaida mai unguwa, sanar da shugabannin kasuwa, kai takarda ofishin 'yan sanda mafi kusa. Bindigar roba da kakin aro a titi ba tare da sanarwa ba, fitina ce ka saya da kuɗinka.

Na shida, sauti kafin hoto. Mai kallo zai yafe hoto mai duhu, ba zai yafe muryar da janareta ya cinye ba. Ja janaretan nesa da doguwar waya, ka ɗauki sin ɗin waje bayan asuba kafin kekuna su fito. Naɗi takun takalmi, ƙarar ƙyaure da haushin kare daban. Hazon hunturu a Disamba da Janairu kyauta yake ba ka dishi-dishin da wasu ke kashe kuɗi su ƙirƙira.

Sai waƙa. Na san furodusa zai ce kasuwa na so, amma rawar minti biyar a tsakiyar gudun ceton rai tana zubar da duk abin da ka tara. In ta zama dole, kai ta farko, kafin masifa ta sauko.

Na bakwai, bayan editin, kafin ka kai wa Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ko ka ɗora a YouTube, tara mutum goma da ba su san labarin ba. Kada ka kalli talabijin, su za ka kalla. Duk inda wani ya zaro waya ya fara latsawa, rubuta mintin, ka koma ka yanke wurin.