Me Ya Sa Ake Karkata Titi a Kwana? Lissafin da Za Ka Iya Yi da Wayarka

Duk mai hawa babur daga Karare zuwa Batsari ko Safana ya san cewa idan ya zo kwana sai ya ɗan kwantar da babur ɗin ta ɓangaren da zai juya. Injiniyoyin hanya ma dabarar da suke yi wa titi ke nan: su ɗaga gefen waje na kwana, su bar gefen ciki ƙasa-ƙasa. Ga dalilin a kimiyyance.

Me ke juya mota?

Tun a 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa abin da ke tafiya miƙewa zai yi ta yi, sai in wani ƙarfi ya sauya masa hanya. Kafin mota ta sha kwana, dole a samu ƙarfin da zai riƙa tura ta zuwa tsakiyar da'irar. A shimfiɗaɗɗen titi, riƙon da taya ke yi wa kwalta ne kaɗai ke wannan aiki. Da zarar ruwan sama, yashi ko baƙin mai sun kawo santsi, sai motar ta zarce waje.

Idan titin a karkace yake, turawar da yake yi wa taya takan rabu biyu: kashi ɗaya ya ɗauki nauyin motar, ɗayan ya tura ta cikin kwana. Don haka akwai wani gudu guda ɗaya da mota za ta juya da shi lafiya ko da titin ya yi santsin tangaran.

Yadda ake lissafin

tan θ = v² ÷ (r × g)

A nan θ shi ne digirin karkatar titi, v gudu a ma'aunin mita a daƙiƙa, r tazarar titin daga tsakiyar da'irar, g kuma janyowar ƙasa, wato 9.8. Ka lura babu nauyi a ciki. Tirela cike da gero da babur fanko, gudu ɗaya ne ya dace da su.

Buɗe kalkuletan wayarka, ka shiga ɓangaren kimiyya mai maɓallin tan, ka tabbatar yana kan digiri. A ce r mita 100 ne, karkatar kuma digiri 10. Tan 10 zai ba ka 0.176. Ninka shi da 100, sannan da 9.8, za ka samu kusan 173. Danna alamar √, sai 13.1 ya fito, wato kimanin kilomita 47 a awa.

To idan direba ya ninka gudun zuwa 94 fa? Ƙarfin da ake buƙata sau huɗu yake ninkuwa, sai an karkata titin digiri 35. Ko filin tseren motoci na Talladega a Amurka digiri 33 ne, na Daytona kuma 31. Titin da jama'a ke bi ba a yi masa haka, saboda motar da ke tafiya a hankali za ta zame ta yi ciki.

Wannan lissafin ne ya sa aka karkata filin tseren kekuna da ke Filin Wasa na Moshood Abiola a Abuja, shi ne kuma ya sa ake ɗaga ƙarfen waje na layin dogo a kwana.

Gwada da kanka

Wayoyin zamani na ɗauke da na'urar gane motsi da karkata, ita ce ke juya fuskar waya idan an kwantar da ita. Manhajar phyphox, wadda wata jami'a a birnin Aachen na Jamus ta samar kyauta, tana nuna digirin duk abin da aka ɗora wayar a kai. Fara da allon katako a gida, kada ka tsaya aune-aune a tsakiyar titi.

Karkatar kwana dai don gudu ɗaya tak aka lissafa ta. Duk abin da direba ya ƙara a kai, taya ce ke ɗaukarsa, tayar da ta suɗe kuwa ba abin dogaro ba ce, musamman da damina. A rage gudu tun kafin a shiga kwana.