Ɗan Guntun Tsoka a Cikin Kwalba

1. Ƙullutu

Wata mata ce a Tajaye, cikin gundumar Ilela. Ran nan tana wanka, sai ta ji wani ɗan ƙullutu a nononta na hagu. Girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi. Saboda haka ta yi shiru, ba ta gaya wa kowa ba.

Bayan wata biyu ƙullutun ya kai girman goro. Ɗiyarta, wadda ke aji biyar, ta ce: "Inna, malaminmu ya ce duk kumburin da ya ƙi tafiya, a kai shi gidan likita, ko da ba ya ciwo."

Washegari suka tafi. Ungozoma ta duba ta, ta rubuta mata takarda zuwa babban asibitin Tawa. Can likita ya taɓa wurin, ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya ce: "Inna, hannuna ya ji ƙullutun, amma hannu ba shi da ido. Wani ƙullutu ba shi da lahani, wani kuwa ciwon daji ne. Sai na yanki ɗan guntu an duba."

Matar ta ce: "Likita, ɗan guntun tsoka me zai gaya maka?"

Likita ya ce: "Shi ne zai faɗi gaskiya, Inna."

Aka yi mata allurar kashe zafi. Likita ya ciro ɗan guntu, ya jefa shi cikin ƙaramar kwalba mai ruwan magani. Ya rubuta suna da shekaru da kwanan wata, ya liƙa a jikin kwalbar.

2. Jikin mutum gini ne

Magini yana jera tubali bisa tubali har ɗaki ya tashi. Haka jikin mutum yake. Tubalansa su ne ƙwayoyin halitta. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin su. A jikin babban mutum akwai kamar miliyar dubu 30.

Ƙwayoyi masu kama da juna suna haɗuwa su yi aiki ɗaya. Na fata daban, na hanta daban, na zuciya daban. Irin wannan haɗuwa ita ce saƙar jiki. Da Faransanci ana ce mata tissu, watau abin da aka saƙa, kamar yadda masaƙi ke haɗa zare ya zama zane.

Ba rana ɗaya aka gano wannan ba. A shekarar 1665 wani Bature na Ingila, Robert Hooke, ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma, ya ga ƴan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Wajen 1800 wani likitan Faransa, Xavier Bichat, ya rarrabe saƙar jiki iri 21. A 1858 kuma Rudolf Virchow, likitan Jamus, ya buga littafin da ya nuna cewa cuta tana farawa ne cikin ƙwayoyin halitta. Tun daga nan likitoci suka shiga neman cuta a inda take ɓoye.

3. Tafiyar kwalba

Ruwan da ke cikin kwalbar sunansa formol. Yana hana tsoka ruɓewa, yana tsai da ƙwayoyin yadda suke. In babu shi, zafin rana zai lalata guntun kafin a kai ko'ina.

Aka sa kwalbar a mota. Ta bi ta Birnin Ƙwanni, ta wuce Dogon Dutsi da Doso, ta isa Yamai. Daga Ƙwanni zuwa Yamai ya fi kilomita 400. A Yamai akwai ɗakin binciken tsoka a sashen koyon aikin likita na Jami'ar Abdu Mumuni. Ga abin da ake yi wa guntun tsoka a irin wannan ɗaki:

Da farko ana tsoma shi cikin alkol sau da yawa, don a janye ruwan da ke cikinsa.

Na biyu, ana zuba masa narkakken kakin farafin, irin wanda ake yin kyandir da shi. In ya huce sai ya daskare, tsokar tana tsakiya.

Na uku, ana sa shi a wata na'ura mai wuƙa mai kaifin gaske. Tana fere shi siriri siriri. Daga kaurin milimita 1 ana iya fitar da yanka 250. Gashin kai ya fi yanka ɗaya kauri sau goma da ɗoriya.

Na huɗu, ana shimfiɗa yankan a kan ɗan gilashi, a rina shi. Ba a ganin kome sosai sai da rini. Rini biyu aka fi amfani da su. Ɗaya ana samun sa daga wani itace na ƙasar Meziko, yana mai da cibiyar ƙwaya shuɗiya. Ɗayan yana mai da sauran jikin ƙwayar ja-ja.

Daga ƙarshe likitan tsoka ya ɗora gilashin a ƙarƙashin madubi. Madubin yana ƙara girman abu sau 40, ko sau 100, ko sau 400. Wannan likita sau da yawa ba ya ganin fuskar mara lafiya. Amma maganarsa ce sauran likitoci ke jira kafin su fara magani.

4. Abin da madubi ke nunawa

Lafiyayyun ƙwayoyi suna jere kamar kunyoyin gero a gonar da aka gyara. Girmansu ɗaya, kamanninsu ɗaya. Suna rabuwa su yawaita in jiki yana bukata, su tsaya in ya isa.

Ƙwayoyin ciwon daji ba su san tsayawa ba. Suna ta rabuwa babu ƙa'ida. Wata babba, wata ƙarama. Cibiyarsu ta kumbura, ta sha rini ta yi duhu. Suna ƙetare iyakarsu su kutsa cikin tsokar da ke kewaye, kamar ƙuduji a gonar gero. In an bar su, sai su bi hanyoyin jini da na ruwan jiki su tafi hammata, ko huhu, ko hanta, ko ƙashi, su kafa sabon zama.

Ƙullutu mara lahani kuwa yana zaune wuri ɗaya, ƙwayoyinsa suna kama da na asali. Yawancin ƙullutun da ke fitowa a nono irin wannan ne. Amma da hannu kaɗai ba a rarrabe su.

Bayan ƴan makonni takarda ta komo Tawa. Likita ya kira matar da mijinta. Ya ce: "Inna, ciwon daji ne. Amma kin zo da wuri, bai yi nisa ba. Za a yi aiki a cire shi, sa'an nan a ci gaba da magani." Aka yi mata aiki, ta bi maganin har ƙarshe. Tana komawa asibiti a duba ta duk lokacin da aka sa mata. Da ta jira shekara guda, da wataƙila ciwon ya riga ya bazu.

5. Littafin ƙidaya

Gilashi ɗaya yana taimakon mutum ɗaya. Gilasai dubu suna koya wa ƙasa baki ɗaya. A shekarar 1992 aka buɗe littafin ƙidayar ciwon daji na Nijar a ɗakin binciken tsoka na Yamai, a hannun Farfesa Hasan Nuhu. Ana rubuta irin ciwon, da shekarun mai shi, da ko namiji ne ko mace. Ƙidayar ta nuna cewa a wajen mata ciwon dajin nono ne kan gaba, ga kuma na bakin mahaifa. A wajen maza na hanta ya fi yawa.

Sanin wannan yana nuna inda za a tare cuta. Abu biyu ne manyan masu kawo ciwon dajin hanta a ƙasashen Sahel. Na farko ƙwayar cutar hanta mai suna Hepatit B. Tana da allurar rigakafi, kuma tun 2008 tana cikin alluran da ake yi wa jarirai a Nijar. Na biyu wata guba ce da fumfuna ke yi a jikin gyaɗa da masara in an adana su da danshi. An gano ta bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100.000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. Shi ya sa ake shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin a zuba a rumbu, a kuma zubar da gyaɗar da ta yi baƙi ko ɗaci.

A 2021 aka fara maganin ciwon daji da haske mai ƙarfi a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, a Yamai. Kafin a haska kowa, sai takardar likitan tsoka ta faɗi irin ciwon.

6. Zuciya ma tsoka ce

Zuciya girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗakuna huɗu, da ƙofofi huɗu masu hana jini komawa baya. Tana bugawa kamar sau 70 a minti, watau wajen sau 100.000 a kwana ɗaya. Ba safai ake yankar guntu daga zuciyar mai rai ba. Yawancin abin da aka sani game da tsokarta, an koye shi ne daga zukatan waɗanda suka rasu.

A 1904 wani likitan Jamus, Ludwig Aschoff, ya duba zukatan mutanen da suka yi zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi. Ya ga ƴan ƙananan ƙulle-ƙulle cikin tsokar. Daga baya aka gane mafarin abin. Wata ƙwayar cuta ce ke kama maƙogwaro, yawanci na yara ƴan shekara 5 zuwa 15. Jiki yana tashi ya yaƙe ta, amma a wajen wasu yara sai ya yi kuskure ya far wa ƙofofin zuciya. Ƙofofin su yi tabo, su yi tauri, su kasa rufuwa ko buɗewa daidai. Bayan shekaru sai mutum ya riƙa haki da kumburin ƙafa. Penisilin yana kashe wannan ƙwayar cuta tun tana maƙogwaro. Cire beli ba ya kashe ta. Don haka yaron da ke ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, gidan likita za a kai shi.

Akwai kuma ciwon zuciya na masu jego, wanda ƙasar Hausa ta yi suna da shi a littattafan likitoci. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi bincike a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Sun ga mata da yawa suna zuwa bayan haihuwa da haki, da tari, da kumburin ƙafafu. Lissafinsu ya nuna kamar mace 1 cikin 100 da suka haihu a Zariya. Sun zargi yawan shan kunun kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa tana da gishiri mai yawa. Gishiri yana tara ruwa a jiki, zuciya ta sha wahalar tura shi. A Yamai kuma likita Cénac da abokan aikinsa suka nuna a 1992 cewa jinin irin waɗannan mata yana da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom. Likitocin Kano sun ci gaba da wannan bincike.

Irin wannan zuciya tana buɗewa ta yi girma, bangonta ya saki kamar tsohuwar salka. A ƙarƙashin madubi ana ganin tabo ya shiga tsakanin zaren tsokar. Yau akwai na'urar da ke nuna hoton zuciya tana bugawa, ba tare da yanka ba. Mai jegon da ta kasa kwanciya saboda haki, ko ƙafafunta suka kumbura, a gaggauta kai ta asibiti. Da yawa suna warkewa in sun sami magani da wuri.

A tuna

Jiki ƙwayoyin halitta ne, kuma cikinsu cuta ke farawa.
Ƙullutun da ba ya ciwo shi ma yana bukatar likita.
Madubi ne ke rarrabe ciwon daji da ƙullutu mara lahani.
Ciwon maƙogwaron yaro yana iya taɓa zuciyarsa.
Zuwa da wuri ya fi zuwa da kuɗi.

Sababbin kalmomi

ƙwayar halitta: la cellule
cibiyar ƙwaya: le noyau
saƙar jiki: le tissu
madubin ƙara girma: le microscope
yankar guntun tsoka don bincike: la biopsie
ciwon daji, ko sankara: le cancer

Tambayoyi

1. Me ya sa matar Tajaye ta yi shiru da farko? Wa ya ba ta shawara?
2. Mene ne amfanin formol?
3. A faɗi matakai huɗu da guntun tsoka ke bi kafin ya isa ƙarƙashin madubi.
4. Yaya ƙwayoyin ciwon daji suka bambanta da lafiyayyu?
5. Waɗanne abubuwa biyu ne ke kawo ciwon dajin hanta? Yaya ake kauce musu?
6. In zuciya tana bugawa sau 70 a minti, sau nawa za ta buga a awa 1?
7. In milimita 1 tana ba da yanka 250, yanka nawa milimita 3 za su bayar?

Aiki

A kawo albasar Galmi guda ɗaya cikin aji. A ɓare ta, a ɗago ƴar fatar nan siririya da ke jikin ɓawon. A shimfiɗa ta a kan gilashi da ɗigon ruwa, a duba da madubin ƙara girma. Za a ga ƙwayoyi jere kamar tubalin katanga. Kowane ɗalibi ya zana abin da ya gani cikin littafinsa, ya rubuta sunayen sassan da Hausa da Faransanci.