Kayan Da Mai Goyo Za Ta Riƙe In Za Ta Fita Da Yaro

Hakimai da malamansu sun san nisan ƙasar kudancin Kano. Macen da ta taso daga duwatsun Riruwai a Doguwa, ko daga rugagen gefen dajin Falgore ta wajen Tudun Wada, don ta kai ɗanta asibiti, da wuya ta komo gida kafin la'asar. Haka ta Kiru mai zuwa Kwanar Ɗangora, da ta Bebeji da ke bakin ruwan Tiga. Watau yaro zai yini a hanya, ba shi da wani gata sai abin da uwarsa ta riƙo.

Muhimmin abu shi ne katin rigakafi. Ana yi wa jariri rigakafi da zarar an haife shi, sa'an nan a mako 6, da mako 10, da mako 14, ta ƙyanda kuwa a wata 9 da wata 15. Duk a katin nan ake rubutawa. In aka baro shi gida, ko ruwan sama ya jiƙe shi, malamin asibiti ba shi da hanyar sanin wadda aka yi da wadda ta saura. Saboda haka sai a naɗe shi cikin leda, a sa shi bisa kan kaya inda hannu zai fara kai wa.

A ƙasan jaka sai zanen goyo na canji da majanyi, bisansu riga biyu da tsummoki wankakku ko famfas. Lalle a riƙe leda dabam ta zuba waɗanda yaro ya ɓata, da guntun sabulu na wanke hannu, gama ta hannun da ya taɓa kashi gudawa ke shiga gida. Da hunturu a ƙara hula da safa.

Batun ruwa shi ne inda ake yawan kuskure. Jaririn da bai cika wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi, ko da bazara ce, ba a ba shi ruwa. Wanda ya wuce haka a riƙe masa tafasasshen ruwa cikin gora mai murfi, da ƙaramin kofi da cokali. Bulumboti kam gara a bar shi, don ba ya wankuwa sosai a hanya, ƙuda kuma na bin bakinsa. Yana da kyau a riƙe ƙunshin garin gishiri da sukari na asibiti. In gudawa ta kama yaro sai a dama ƙunshi ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, ba a fasa nono ba, har a isa asibiti. Abin da ya kai kwana ɗaya da damawa zubarwa ake yi.

Ana roƙon hakimai su sa dagatai da masu unguwanni su karanta wa magidanta wannan bayani bayan sallar Juma'a, tun da yake sabulu da kuɗin mota daga aljihunsu za su fito. Ungozomomi kuma su isar wa matan a cikin gida, kafin mai jego ta gama wankan arba'in.